Darasi na 6: Abin da ke cikin ƙwayar halitta

Jikin mutum, da na dabba, da tsiro, duk an gina su ne da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake jera tubali a tayar da ɗaki. Ido ba ya ganinsu. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, faɗin yawancinsu bai wuce kashi 10 zuwa 100 ba. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa musu suna a 1665, bayan ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Na bakteriya ba su da ɗakuna a ciki, kaya duk a tsakar gida suke. Namu da na dabbobi da tsirrai da yis ɗin burodi, har da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a rarrabe suke ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da bangonsa da aikinsa. Su ne darasinmu.

A gani da ido

Za a buƙaci albasa ɗaya, irin wadda ake nomawa a Aliero ta wadatar, da reza, da aidin na wanke ciwo, da gilasai biyu na awo, mai kauri da siririn da ake rufawa. Madubin kuwa, malami ya aro a makarantar sakandare mafi kusa.

A raba albasar huɗu, a ɓanɓaro ɓari ɗaya mai tsoka. A gefensa na ciki akwai wata fata siririya kamar leda. A zare ta, a yanki abin da bai wuce rabin farce ba, a shimfiɗa a kan ɗigon ruwa ɗaya a gilashin, a ɗiga aidin ɗigo ɗaya. Sai a sauke murfin a karkace, a hankali. A fara duba da ƙaramin ido, mai ƙara girma sau 40, kafin a koma sau 100.

Za a ga ƙwayoyi dogaye a jere kamar tubali, kowace da ɗan ɗigo mai duhu. Idan an ga da'ira masu baƙin baki, kumfar iska ce, an yi garajen sauke murfi. Idan komai ya yi duhu, ko fatar ta naɗe, ko an haɗo da tsoka, ko aidin ya yi yawa. A sake, albasa ba ta da tsada.

Sassan da aikinsu

Layin da ya kewaye kowace ƙwaya shi ne bango, na tsiro ne, dabba ba ta da shi. Zaren audugar da ake cira a gonakin Zamfara, kowane sili ƙwaya ɗaya ce da ta miƙe, kuma kusan dukanta bango ne. A cikin bangon akwai tantani, wanda kowace ƙwaya ke da shi. Shi ne mai gadi: ruwa na wucewa da sauƙi, gishiri da sukari sai ta ƙofofi na musamman.

Ɗigon nan mai duhu shi ne cibiya, masana na ce masa nukiliyos. Nan ake ajiye DNA, rubutaccen umarnin yadda za a gina jiki. A mutum an naɗe shi cikin ƙunshi 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Sikila canjin harafi ɗaya ne kacal a wannan rubutu, kuma ciwon ba ya bayyana sai yaro ya gado ta ɓangaren uwa da na uba. Dalilin gwajin jini kafin aure ke nan.

Daga cibiya ake aika kofen umarnin zuwa ribosom, ƙananan masaƙa masu haɗa furotin. Wasu hanyoyi masu lanƙwasa suna kai furotin ɗin wurin da ake kira Golji, a ƙulla shi a tura inda ake bukata. Lisosom kuma shi ke narkar da abin da ya lalace.

Murhun ƙwaya

Mitokondiriya ita ce madafa. Nan ake ƙona sukarin da ya fito daga tuwo da iskar da muka shaƙa, a sami ƙarfin aiki. Tsokar zuciya cike take da su, tunda ba ta hutu. Daga uwa kaɗai ake gadonsu.

Rogo mai ɗaci yana da guba da ke toshe wannan murhu. Iska na cikin jini, amma ƙwaya ba ta iya amfani da ita, sai jiri da amai, wani lokaci mutuwa. Abin mamaki, a cikin rogon gubar a kulle take a ɗaki guda, sinadarin da ke sakinta yana wani wurin daban. Fere rogo da gurza shi ko jiƙa shi kwana 3 zuwa 5 yana rushe bangayen, su haɗu, gubar ta fita ta bi iska da ruwa, shanya da suya su ƙarasa. Mai gaggawar da ya rage kwanakin jiƙo, a cikinsa haɗuwar za ta faru. Hawayen yankan albasa ma haka yake, wuƙa ce ke haɗa abin da aka raba.

A madafar nan kuma ake kammala haɗa jan sinadarin jini, dalma kuwa tana hana wannan aikin, ban da ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda dalmar da ke cikin ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Kada a niƙa shi a gida, kada a shigo da kayan aikin haƙa inda yara ke rarrafe.

Na manomi

Kuloroflas shi ne koren ganye, yana haɗa sukari da hasken rana da ruwa da iska. Kan albasa ba shi da shi, ganyenta ne mai shi. Idan tsofaffin ganyen shinkafa a fadamar Argungu suka fara yin rawaya daga ƙasa, sau da yawa naitirojin ne ya gaza, wanda takin yuriya ke bayarwa.

Akwai kuma randar ruwa, wadda ke cike yawancin cikin ƙwayar tsiro. Idan ta cika sai ta tokare bango, ganye ya miƙe. Idan ta rage, ya yi yaushi.

Aikin aji: a zari fatar waje ta jan albasa, mai launi, a duba. Sannan a narka ƙaramin cokalin gishiri a rabin kofin ruwa, a ɗiga a gefen murfin. Cikin 'yan mintuna jan zai takure ya rabu da bango, gishiri ya janye ruwan randar. Abin da ke samun saiwar gero ke nan idan aka zuba taki a jikin gindi a busasshiyar ƙasa. A zana yadda ƙwayar take kafin gishiri da bayansa, a rubuta sunan sassa uku a kan zanen.