Yadda za ka gano abincin da ke tayar maka da ciwon gyambon babban hanji

Ranar da aka ce wa mutum yana da gyambon babban hanji, ciwon da likitoci ke kira kolaitis, abin da zai fara tarawa shi ne jerin abincin da aka hana shi. Wannan ya ce bar madara, wancan ya ce bar nama, wani ya ce kada ka ƙara kusantar ganye. In ka bi kowa, sai ka wayi gari ba ka da abin ci sai farar shinkafa, ga rama, ga jiri, ciwon kuma yana nan daram. Na daɗe ina fama da wannan ciwo, kuma abin da nake faɗa wa duk sabon mai fama da shi shi ne, jerin wani ba naka ba ne. Naka kai za ka fitar da shi da biro da takarda, kuma burinka ya kasance jerin yana gajarta, ba yana ƙara tsawo ba.

Ka fara da sanin cewa ba abinci ne ya jawo maka ciwon ba. Garkuwar jikinka ce take afka wa fatar cikin babban hanji, kumburin ya faro daga dubura ya yi sama, wurin ya yi ja ya riƙa fitar da jini da majina. Ba ɗaya suke da olsar da ke kama tumbi ba, don haka dokokin masu olsa ba lallai su yi maka aiki ba. Abinci a nan kamar gishiri ne a kan rauni: ba shi ya yi raunin ba, amma in ya sauka a kai za ka ji a jikinka. Abin da muke nema shi ne abincin da ke ƙara maka gudawa, murɗa, kumburin ciki da saurin zuwa ban-ɗaki. Kashe kumburin kansa aikin magani ne, irin su mesalazin da sauran abin da likita ya ɗora ka a kai, kuma ba a ajiye su don an fara gwajin abinci.

Lokacin gwajin shi ne abin da ya fi muhimmanci. In ciwon ya tashi, kana ganin jini, kana tashi cikin dare, to kusan duk abin da ka ci zai dame ka, har ruwa. Wanda ya yi gwaji a wannan hali zai ɗora wa abinci goma laifin da ba nasu ba, ya rabu da su shekaru. A irin wannan lokacin ka ci mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa: shinkafa, dafaffen dankali, ayaba nunanniya, ƙwai, kifi, kaza. Ka jira sai jini ya ɗauke, ciki ya lafa. Idan kana shakka, akwai gwajin bayan gida da ake kira kalfurotektin, wanda ke nuna ko akwai kumburi a hanji. Na ɗauki wannan gwajin da daraja ƙwarai, domin mutane da yawa masu ciwon nan suna ci gaba da jin murɗa da iska alhali kumburin ya kwanta. Su ne gyaran abinci ya fi yi wa amfani. Wanda kuwa gwajinsa ya hau, likita yake buƙata kafin komai.

Sai littafi. Ƙarami, wanda zai shiga aljihu, ko ka rubuta a waya. Ka yi mako biyu kana cin abincinka yadda ka saba ba tare da ka cire komai ba, kana rubutawa nan take, domin in ka bari sai dare rabin abin ya ɓace maka. "Na ci shinkafa da miya" bai isa ba. Me ke cikin miyar? An soya albasar ko ɗanya aka yanka a kai? Mai nawa? Faranti ɗaya ko biyu? Ƙarfe nawa? Har abin sha, har cingam, har ɗan abin da ka tsinta a hannun wani. A ɗaya gefen shafin ka rubuta sau nawa ka zaga, da jini ko babu, ko ka tashi cikin dare, ko ka ji matsuwar da ba ta jira. Don kamannin bayan gida ina amfani da ma'aunin Biristol, wanda likitoci a birnin Biristol na Ingila suka fitar a 1997. Ya kasa bayan gida gida 7, daga 1, wato busassun ƙulalai, zuwa 7, ruwa zalla. Rubuta lamba ɗaya ya fi sauƙi da rufin asiri, kuma likitanka zai gane ta da kallo ɗaya.

Akwai wani abu da ke ruɗa kusan kowa. Ka ci abinci, kafin minti ashirin ka ruga ban-ɗaki, sai ka ce wannan abincin ne. Ba lallai ba. Da zarar tumbi ya cika, yakan aika wa babban hanji saƙo ya motsa, kuma hanjin da ya sha kumburi ya fi saurin amsawa. Abin da ya fita a lokacin na jiya ne ko na shekaranjiya, domin abinci kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya ratsa ciki gaba ɗaya. Saboda haka ranar da cikinka ya ɓaci, ka koma baya shafi biyu ka duba, kada ka tsaya kan farantin ƙarshe. In kuma kowane babban faranti ne ke kai ka ban-ɗaki, to matsalar yawa ce, ka raba cin naka gida biyar ko shida.

Ka bar fili a kowane shafi don abubuwan da ba abinci ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya tayar da ciwon. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna kawo gudawa. Haka tsallake maganinka, rashin barci, damuwa, da lokacin al'ada ga mata. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗo a mako, ban yarda da shaidar makon a kan kowane abinci ba.

Bayan mako biyun za ka ga sunaye biyu ko uku suna maimaita kansu. Ɗauki ɗaya tak. In ka cire uku a tare ka ji sauƙi, ba za ka san wanne ne ba, sai ka rasa biyu a banza. Cire shi kamar mako biyu, komai ya tsaya yadda yake, ka ci gaba da rubutu. In ba abin da ya canza, mayar da shi, ba shi da laifi. In ka ji sauƙi, ba a gama ba, domin ciwon nan yana hawa da sauka da kansa. Dawo da abincin cikin kwana uku: rana ta farko ɗan kaɗan, ta biyu rabin abin da ka saba, ta uku cikakke. In alamun sun dawo, tsaya, jira ciki ya koma daidai, sannan wani lokaci ka sake. Sai abinci ya dame ni sau biyu a gwaji daban-daban kafin in rubuta sunansa.

Waɗanda aka fi zargi sanannu ne: madara, wake, kabeji, albasa da tafarnuwa, barkono, soye-soye masu maiƙo, kofi, giya, lemon kwalba, gyaɗa, masara, ɗanyen ganye, da kayan zaƙi marasa sukari masu sinadarin sobitol. Amma sau da yawa yadda aka sarrafa abincin da yawansa su ne matsalar. Ni ɗanyar albasa tana cika mini ciki da iska har dare, wadda ta dahu lugub a miya kuwa ba ta yi mini komai. Tuffa da ɓawonta tana murɗa ni, in na fere na dafa ta sai ta wuce lafiya. Kofi ɗaya bayan na ci abinci ina sha, kafin karin kumallo kuwa ba na kusantarsa. Wake in an cire ɓawonsa an niƙa, mutane da yawa suna iya ci. Madara ma haka take: abin da ke damun wasu sukarin cikinta ne, laktos, kuma yogot da busasshen cuku suna da shi kaɗan. Kafin ka yanke hulɗa da abinci, gwada shi a dafe, a fere, a niƙe, ko rabin yadda ka saba.

In littafin ya ƙi nuna komai, iska da murɗa kuma sun ƙi tafiya alhali kumburi ya kwanta, akwai tsarin da ake kira FODMAP, wanda masana a Jami'ar Monash da ke Ostireliya suka tsara. Ana rage nau'o'in sukarin da ƙwayoyin hanji ke saurin ruɓarwa na mako 2 zuwa 6, sannan a dawo da su rukuni-rukuni. Yana rage alamu, ba ya warkar da kumburi, kuma yana da tsauri, don haka ba na ba kowa shawarar yin sa ba tare da masanin abinci ba.

Wannan tsaurin shi ne abin da ke tsorata ni a duk harkar. Mai gyambon hanji yana zubar da jini, don haka ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kusa da shi. Wanda ya sha maganin kumburi irin firednisolon na tsawon lokaci ƙashinsa na buƙatar kalsiyam da bitamin D. In ka cire madara, ka tambayi likita me zai maye gurbinta. Ka riƙa hawa sikeli duk mako, in nauyi yana sauka ka dakatar da gwaji. In kuwa kana zaga jini sau 6 ko fiye a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, ajiye littafin ka tafi asibiti a ranar.

Abin da ya shiga jerinka yau ka rubuta kwanan wata a gefensa. Bayan wata uku zuwa shida, in ciki yana zaune lafiya, sake gwada shi da cokali ɗaya ko biyu, a ranar da kake gida kusa da ban-ɗaki. Hanjin da ya warke yana karɓar abubuwa da yawa da ya ƙi a baya, kuma duk wanda ya wuce lafiya sau biyu, soke sunansa.