Yadda nake tayar da tsohuwar Volkswagen Kombi da ta daɗe a ajiye

Kada ka yi gaggawar murza makulli. Kombi, ƙaramar bas ɗin da Volkswagen ya fara ƙerawa a Jamus a 1950, kamfanin Westfalia kuma ya riƙa mayar da ita ɗakin kwana na matafiya, injinta a baya yake, kuma iska ce ke sanyaya na tsofaffin. Babu lagireto, babu ruwa. Saboda haka fambel nake fara dubawa, domin shi ke juya fankar da ke hura wa inji iska. In ya tsinke a hanya ba ka lura ba, nan da nan inji zai ƙone.

Sai tiyon fetur. A nan nake ɓata lokaci, don roba in ta tsufa tsagewa take yi, fetur ya ɗiga kan inji mai zafi, wuta ta tashi. Ko da tiyon ya yi kyau a ido, canza shi nake yi duka, in zubar da tsohon man da ke tanki.

Daga nan ka cire fulogogi, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda huɗun, ka juya injin da sufana a hankali. In ya cije, dakata, kar ka tilasta shi. Ka juye baƙin mai, ka wanke rariyarsa, ka saita tazarar bawul a milimita 0.15 lokacin da inji ke da sanyi.

Duba batir kafin ka saya: yawancin Kombin kafin 1967 ƙarfin batirinsu volt 6 ne, ba 12 ba. Birki kuwa a gwada shi cikin fili kafin a hau titi.