Yadda ƙungiyar masunta da matuƙa za ta kafa sola a kwata, ta kuma nemi tallafin gwamnati

Daga Yelwan Yauri zuwa Warrah, har Lolo da Argungu, matsalar masunta ɗaya ce: kifin da aka kamo da asuba dole a rabu da shi kafin la'asar, ko a yi bandarsa, domin tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareta ya fi ƙarfin mai firiza ɗaya. Sola tana warware wannan, kuma akwai hukumomin gwamnati da ke taimakawa. Sai dai taimakon ba ya zuwa da tsabar kuɗi a hannun mutum ɗaya. Ƙungiya mai takarda yake bi, wadda ta san adadin wutar da take bukata, ta kuma rubuta shi.

Takardu kafin kaya

Ku haɗu aƙalla mutum 10, ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai a ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin kuɗi ya fita. A rubuta sunan kowa da lambarsa ta NIN da sana'arsa: masunci, matuƙi, mai banda, mai sayar da kifi. Kada a manta da mata masu banda da tallar kifi, don su ne za su fi kowa amfani da firiza.

Sai takardar fili. Ku nemi maigari ko hakimi ya ba ku rubutacciyar shaida cewa an bar wa ƙungiya wurin, Sarkin Ruwa ya sa hannu a matsayin shaida. Izinin baki yakan rushe ranar da kayan suka fara kawo kuɗi.

Lissafin wuta

A nan ne mafi yawan ayyuka ke lalacewa, saboda haka za mu daɗe a kai. Ba a fara tambayar farantin sola nawa za a saya. Ana fara rubuta abin da zai ci wuta da awoyin da zai yi a kunne.

Ɗauki kwata mai matsakaicin girma. Firiza biyu masu lita 300, kowace tana cin wajen yunit 2 a rana a zafin Kebbi, yunit 4 ke nan. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Ƙwai 10 masu wat 10, a kunne awa 11, yunit 1.1. Cajin waya 30, wajen rabin yunit. Jimilla ta kusa yunit 6 a rana.

Kebbi na da rana sosai, amma ku yi lissafi da awa 5 na cikakkiyar rana, saboda gajimaren Agusta da hazon hunturu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar yakan salwanta a zafi da ƙura da waya da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Idan aka raba wat 6,000 da 5, aka ƙara wannan asarar, ana bukatar wajen wat 1,600. Faranti huɗu masu wat 450 sun ba da 1,800, sun isa.

Amma wannan lissafin na riƙe sanyi ne kawai. Daskarar da ɗanyen kifi mai ɗumi wani aiki ne daban: kilo 30 na iya cin ƙarin yunit 2 zuwa 3. Kuma firiza mai lita 300 ba ta iya daskarar da fiye da kilo 15 zuwa 20 a yini guda. In aka danƙara mata kifi har baki, na gefe zai daskare, na tsakiya ya ruɓe, a kuma ɗora wa sola laifi. Don haka in za a riƙa zuba sabon kifi kullum, a ƙara faranti biyu su zama shida. A fede kifin, a wanke, a jera shi a kwance ba a tsibe ba, a sa shi tsakanin hantsi da azahar lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye. A ganinmu ya fi riba a ware firiza ɗaya ta yin ƙanƙara kawai, masunta su riƙa tafiya da ita cikin kula, domin kifin da ya sha rana awa biyar a cikin kwale-kwale babu firizar da za ta gyara shi.

Batir zai ɗauki aikin dare, wajen yunit 3 da rabi. Hanya biyu ce. Ko batirin litiyam guda mai bolt 48 da amfiya 100, wanda ke riƙe wajen yunit 5, ana kuma iya shan kashi 80 cikin 100 nasa. Ko batir huɗu na ruwa masu bolt 12 da amfiya 200. A takarda yunit 9.6 ne, amma rabi kaɗai ake sha, in an wuce haka kullum sai su mutu da wuri. Na ruwa sun fi sauƙin kuɗi, sai dai suna son a duba ruwansu duk wata, a ƙara musu tataccen ruwan batir. Ruwan kogi ko na rijiya yana kashe su. Sukan yi shekara 2 zuwa 4, litiyam mai kyau kuwa yana iya kai shekara 8 ko fiye. Kada a haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Inbata ta zama mai wat 3,000 ko kusa da haka, irin mai fitar da tsabtatacciyar wuta kamar ta gidan wuta, mai na'urar caji ta MPPT, wadda ke tatso iyakar wutar da faranti ke iya bayarwa. Kada ƙarancin cin firiza ya yaudare ku: lokacin da injinta zai tashi yakan fizgi ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci, ƙaramar inbata sai ta yi ta tsinkewa. Mai haɗawa ya duba iyakar bolt da inbatar ke karɓa kafin ya jera farantan. Wayar faranti ta zama ta sola ta ainihi, mai kaurin milimita 4 ko 6, da fiyus tsakanin batir da inbata.

Araha ba ta ado. Akwai farantan da aka manna musu takardar wat 450 alhali ba su kai ba. A gwada kowane faranti da mita a tsakar rana a gaban mai sayarwa, a karɓi rasit da takardar garanti mai lambar kowane kaya.

Inda za a kafa

Kogin Neja a ɓangaren Yauri cika biyu yake yi. Akwai ta damina daga Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma wadda ke isowa da hunturu, ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali. Ga kuma tafkin Kainji da ke hawa da sauka tun da aka gama madatsar a 1968. Wanda ya zaɓi wuri a watan Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, zai iya tarar da batir a cikin ruwa. Ku tambayi dattawa inda ruwan 2020 ya tsaya, ku gina ɗakin kaya sama da nan, ku ɗora batir da inbata a kan dakali.

Faranti su fuskanci kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke su. A bar tazarar taƙi guda a ƙarƙashinsu iska ta ratsa, saboda zafin Maris da Afrilu yana rage musu ƙarfi. Inuwar reshe ɗaya tana iya rage wutar layin gaba ɗaya. A nisanta su daga hayaƙin banda. Da hunturu a wanke su sau biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Bakin ruwa fili ne, tsawa na faɗuwa, don haka a kafa sandar tagulla a ƙasa, a haɗa ta da ƙarfen faranti da inbata, a sa na'urar kare tsawa.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ita ke tafiyar da shirin DARES na faɗaɗa wutar sola, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a Disamba 2023. Abin lura shi ne kamfanonin da aka tantance ake biya, bayan an tabbatar sun haɗa wa mutane wuta. In garinku ya fi ƙarfin faranti shida, hanyar ita ce ku ƙidaya gidaje da shaguna da injinan niƙa da firiza, ku rubuta abin da kowa ke kashewa a fetur duk wata, ku kai wa REA da kamfanoni masu gina ƙaramar tashar sola. Wutar ba kyauta ba ce, da mita ake biya. Kafin a sa hannu a yarjejeniya, a karanta kuɗin yunit, awoyin wuta a rana, da wanda gyara ke wuyansa.

Hukumar HYPPADEC, mai kula da yankunan da madatsun lantarki suka shafa, Kebbi na cikin jihohinta, kuma ta saba samar da fitilun sola da rigunan kariya daga nutsewa. Ku rubuta mata ta hannun ƙaramar hukuma, da kwafin rajista, takardar fili, lissafin wuta da hotunan kwata. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, da shi ake bin sawu.

Harkar jirage kuwa ta NIWA ce, hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa mai hedikwata a Lokoja, tana kuma da ofishi a Yauri. A kai kowane jirgin haya a duba shi, a yi masa rajista, a rubuta iyakar mutanen da zai ɗauka a jikinsa, matuƙi ya sami lasisi. A ajiye littafin sunayen fasinja a kwata. A rubuta wa ofishin wuraren da kututtukan itatuwa ke ɓoye a ruwa, domin matuƙa ne suka san su. Jirgin da ya kife kusa da Warrah a Mayun 2021 yana ɗauke da mutane fiye da 150, kuma har yau iyalai da yawa ba su warke ba. Fitilar kwata ta sauke kaya ce da tsaro, ba izinin tafiyar dare ba ce, NIWA ta hana wannan. Rigunan kariya in an samu a rataye su a inuwa, a ƙidaya su duk yamma, domin rana na cinye yadinsu.

Duk wanda ya zo ya ce a tura kuɗin fom zuwa asusunsa na kansa don a sa sunanku a jerin tallafi, ku je ofishin hukumar da ƙafarku ku tambaya kafin ku ba da ko sisi.

Asusun batir

Tallafi yakan sayi kaya sau ɗaya, ba ya dawowa canza batir. Tun ranar farko a sa kuɗin ajiyar kifi a kan kilo, da na ƙanƙara, da na cajin waya. A raba kuɗin sabon batir da watannin da ake sa ran zai yi, watanni 36 ga na ruwa, a ƙara wani abu saboda tashin farashi, a riƙa zuba wannan a banki duk wata kafin a taɓa sauran. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe makullin ɗakin kaya, ana biyansa, yana rubuta matsayin batir da asuba da kuma la'asar. In cajin asuba ya fara sauka ƙasa da yadda aka saba, a duba ƙurar faranti da robar murfin firiza, a kuma bincika ko wani ya saƙala hita ko dutsen guga a layin, sannan a kira mai gyara.