Kurakuran da ake yi wajen ƙarin sinadarin ayon ta jijiya

Kuskuren farko tun kafin a fasa kwalba ake yin sa: a ga mutum ya ɗashe, a ce jininsa ya yi ƙasa, sai a ɗaura masa ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen haɗa jini. Ai ba kowane ƙarancin jini ba ne na rashin ayon. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, ayon ya riga ya taru masa a hanta, ƙara masa cutarwa ce. A auna haemoglobin (ma'aunin ƙarfin jini) da ferritin (ma'aunin ayon da jiki ya adana) tukuna. In akwai zazzaɓi ko ƙwayar cuta na aiki a jiki, a jira ya warke. Mai ciki kuwa ba a ba ta a watanni ukun farko.

Sai haɗi. Da ruwan gishiri na kashi 0.9 ake sirka Venofer ko Ferinject, magungunan ayon biyu da ake ƙarawa ta jijiya, ban da ruwan sikari, ban da cusa wani magani a leda ɗaya. Venofer miligiram 200 ne a zama ɗaya, cikin minti 30 aƙalla. Ferinject yana kai miligiram 1,000 cikin minti 15, sau ɗaya a mako, gwargwadon nauyin mutum. Wanda ya ɗauki ƙa'idar wannan ya ɗora wa wancan ya sa rai a haɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne sallama da zarar leda ta ƙare. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta daina ba da shawarar ɗan gwajin da ake fara yi da kaɗan daga maganin, domin yana sa ma'aikaci ya saki jiki, alhali borin jini na iya tasowa ko ga wanda ya sha karɓar maganin lafiya lau. Ta ce a sa ido minti 30 bayan kowane ƙari. Na san layi na da tsawo, gado kuma ya yi kaɗan, amma ko a benci ne a zaunar da shi inda nas ke ganinsa. Adiranalin, allurar gaggawa ta borin jini mai tsanani, ya kasance a kusa, ba a kulle cikin kabad ba. In numfashi ya sarƙe, leɓe ya kumbura, ko bugun jini ya faɗi, a tsayar da ruwan, a yi wa baligi allurar adiranalin miligiram 0.5 a tsokar cinya nan take.

Akwai kuma firgita ba dalili. Wani fuskarsa za ta ɗau zafi, ƙirji ko baya ya riƙe, amma numfashi da bugun jini daidai suke. A tsayar, a jira kamar minti 15, in ya lafa a ci gaba da rabin gudun farko.

Kanula ma, wato ɗan bututun da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, a tabbatar tana cikin jijiya, a gwada ta da ruwan gishiri kafin da bayan ƙari. Ayon da ya tsiyaye ƙarƙashin fata yana barin tabo ruwan ƙasa da kan daɗe ƙwarai bai goge ba, don haka da majiyyaci ya ce wurin na masa zafi, a tsaya.

Kafin ya tafi a gaya masa ya dakatar da shan ƙwayar ayon ta baki aƙalla kwana biyar, ya dawo awon jini bayan mako huɗu. Wanda ake maimaita wa Ferinject, in ya koka da kasala ko ciwon ƙashi, a auna masa fosfet, sinadarin jini da ƙashi ke buƙata, domin maganin kan saukar da shi.