Darasi na Tara: Matakin Mota da Nauyin da Yake Iya Ɗauka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha a Maradi ranar kasuwar Jiratawa ko ta Sabon Mashi ya ga yadda ake loda a-kori-kura: buhunan gero da na aya a ƙasa, fasinjoji a bisansu, yaron mota kuma yana maƙale a baya da ƙafa ɗaya kan ƙarfe. Wannan darasi yana magana ne a kan wurin da ƙafar nan take takawa.

Wuraren da ake takawa a jikin irin wannan mota uku ne: matakin gefe da ke ƙarƙashin ƙofa, ƙarfen kariya na baya, da murfin bodi idan an sauke shi. Kowannensu yana da iyakar nauyinsa, kuma iyakar nan daban take da ta motar gaba ɗaya. Toyota Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato kilo 1000, har da direba da fasinjoji. Buhu goma na gero masu kilo ɗari-ɗari sun cinye wannan lissafi tun kafin mutum ɗaya ya shiga. Mataki kuwa, an ƙera shi ne domin mutum ɗaya ya taka ya wuce, motar tana tsaye. Kamfanin Ford na Amurka, alal misali, ya rubuta a littafin motarsa F-150 cewa matakin da ke jikin murfin baya bai kamata ya ɗauki fiye da kilo 159 ba.

A nan ne ya kamata mai dako ya tsaya ya yi lissafi. Idan nauyinka kilo 70 ne, ka saɓa buhu mai kilo 100, to abin da ka ɗora wa matakin kilo 170 ne, ka riga ka wuce iyaka. In kuma da tsalle ka hau, nauyin da ke faɗa wa ƙarfen ya fi haka nesa. Shi ya sa ya fi dacewa a aje buhun a bakin bodi, wanda ke sama ya ja shi ciki, sannan mai dako ya hau hannu sake.

Abin da ya fi damuna shi ne matakan da ake haɗawa wajen masu walda. Sau da yawa aikin yana da kyan gani, amma ba wanda ya gwada ƙarfinsa, kuma tsatsa daga ƙarƙashi take fara ci, inda ido ba ya kaiwa. Ka durƙusa ka duba notunan da suka riƙe shi. Ka sa ƙafa ka danna a hankali. Idan ya motsa ko ya yi ƙara, kada a taka shi sai an gyara. Haka nan igiyoyin ƙarfe ko sarƙoƙin da ke riƙe murfin baya, domin silin waya ɗaya da ya tsinke alama ce sauran suna hanya.

Wajen hawa, a tabbata direba ya ja birkin hannu. Ka fuskanci motar, ka kama da hannu biyu kafin ka ɗaga ƙafa, kuma ka sauko kamar yadda ka hau, ba tare da dira ba. Da damina laka takan manne a silifa ta mayar da ƙarfe santsi, sai a kankare ta tukuna. Mata su tattare zane, maza su naɗe bakin riga, a miƙa yaro ga wanda ya riga ya zauna.

Tafiya a tsaye bisa mataki kuwa ba ta da wata hanya mai aminci. Rami ɗaya a hanyar Madarunfa ya isa ya fizge hannun mutum, kuma wanda ya faɗi daga matakin gefe gaban tayar baya yake faɗuwa.

Aikin gida: ka auna nauyinka a sikelin ƴan hatsi, ka haɗa da nauyin kayan da ka saba ɗauka, ka rubuta jimillar a littafinka, mu duba tare a zama mai zuwa.