Kurakuran da muke yawan tafkawa wajen kintace a lissafin yiwuwa, da yadda ake gyara su

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, daminar da ta wuce ne Baffana ya sayo irin gyaɗa a wata kasuwar ƙauye nan kusa da mu a ƙasar Ringim, ya ɗebi ƙwaya goma ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye gindin randa, bayan 'yan kwanaki tara suka tsiro. Ya kira ni yana murna yace "Malam, kai da kake koyar da lissafi, tara cikin goma ai kashi casa'in kenan ko?" Nace haka ne Baffa. Aka shuka. Da gona ta fito sai giɓi ko'ina, kunya ɗaya sai kaga rami uku huɗu a jere babu komai, dole aka sake sayen iri aka bi ana cikewa ga ruwa ya riga ya yi nisa. Abin ya tsaya min a rai sosai don amsar da na bashi rabi ce. Kashi casa'in ɗin kintace ne, kuma duk kintace yana da iyakar kuskurensa, ita ce ban faɗa masa ba.

Toh wannan shine babban kuskure, kuma ɗalibaina ma kullum shi suke yi, mutum ya kawo lamba ɗaya tsurarta ba tare da ya faɗi da nawa za ta iya kaucewa ba. Duba lissafin Baffa. A ce irin nan gaskiyarsa kashi 70 ne kawai ke tsirowa, wato iri ne mai rauni, yiwuwar ka ɗebi goma tara ko goma duk su tsiro ta kai kusan kashi 15 cikin ɗari. Kusan sau ɗaya cikin bakwai kenan iri mara kyau zai ci wannan jarrabawar. Ƙwaya goma ba ta isa shaida ba.

Gyaran ba wuya. Akwai ƙa'ida ta kai tsaye da ko a kalkuletan waya za ka buga: ɗauki sukwaya rut na yawan abin da ka gwada, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta baka wannan yawan, ka raba 1 da shi. In ƙwaya 100 ka gwada rut ɗin 10 ne, ɗaya bisa goma, wato kuskurenka zai iya kai maki 10 sama ko ƙasa, kuma wannan iyakar tana riƙewa kusan sau 95 cikin ɗari. In kana son wadda ta fi matsewa sai ka yi amfani da abin da ya fito, misali 85 suka tsiro cikin 100, ka ninka 0.85 da 0.15, ka raba da 100, ka cire rut, zai baka 0.036, ka ninka biyu ya zama kusan maki 7. Sai kace irin nan tsakanin 78 ne da 92. Haka ake faɗa, ba 85 kawai ba.

Daga nan sai wani ya ce toh in na ninka ƙwayar biyu kuskuren zai ragu rabi. A'a wallahi, nan ma ana faɗawa rami. Kuskure da rut yake tafiya, sai ka ninka huɗu kafin ya sauko rabi. Ɗari ta baka maki 10, ɗari huɗu 5, dubu ɗaya kusan 3, sai ka kai 2,500 kafin ka ga 2. Shi yasa manomi ba sai ya ɓata kwano guda yana gwaji ba, daga ɗari zuwa ɗari huɗu ya wadatar, abin da ke gaba wahalarsa ta fi ribarsa.

Amma fa duk wannan lissafin yana tsaye ne kan sharaɗi ɗaya, cewa ɗibar da ka yi ta adalci ce. Kowa ya san yadda ake shirya buhu, mai kyau a sama. In daga bakin buhu ka ɗiba, ko ƙwaya dubu goma ka gwada labarin bakin buhun kawai ka samu, kuma babu wata fomula da za ta cece ka. Masu sayen hatsi a Dawanau sun fi mu 'yan boko gane wannan, shi yasa suke soka ƙarfe a gindin buhu da tsakiyarsa su ga me zai zubo. A Amurka an taɓa yin irin wannan a 1936, mujallar Literary Digest ta tara amsoshin mutum sama da miliyan biyu ta ce Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa, aka kaɗa ƙuri'a abokin takararsa Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawan mutanen bai hana ba, don inda suka ɗibo sunayen ya karkata wajen masu hali, kuma da yawa cikin waɗanda aka aika wa ba su amsa ba. Iyakar kuskure da muke lissafawa ta sa'ar ɗiba ce kawai, ba ta san da karkata ba.

Yanzu bari in shiga wanda ya fi damuna a aji. Tara yiwuwa kamar ana tara kuɗin adashi. A ce kowane ɗan tsako yiwuwar ya mutu a satin farko ɗaya ce cikin ɗari. Kana da goma, me ce yiwuwar a rasa aƙalla ɗaya? Yaro zai ce goma sau ɗaya, kashi 10. Amsar gaskiya 9.6 ce, toh ya yi kusa, ba laifi. Sai ka bashi tsaki ɗari yace kashi 100, wato dole sai an rasa. Ka bashi ɗari biyu ya rubuta maka kashi 200 ko a jikinsa. Yiwuwa ba ta wuce ɗari fa! Taran nan yana aiki ne kawai in jimlar ƙarama ce, kuma kullum sama yake harbi, ba ya ƙasa. Hanyar daidai ita ce ka bi ta baya, yiwuwar kowa ya rayu 0.99 ce ka ninka ta da kanta sau ɗari, ta baka 0.366, ka cire daga ɗaya saura 0.634. Kashi 63 kenan ba ɗari ba. Na ɗari biyu kuma 87.

Akwai gajeriyar hanya ga irin waɗannan abubuwa da ba kasafai suke faruwa ba amma gwajin da yawa, ita ce ta Poisson, wani Bafaranshe da ya fitar da ita a 1837. Ka ninka yawan da yiwuwar, ɗari sau 0.01 ya baka 1, sai ka buga e^(-1) a kalkuleta, yiwuwar kar a rasa ko ɗaya ta fito 0.368. Ka gani, 0.368 da 0.366, kamar an tsaga kara. Abin da nake so a nan shine ba sai ka yi ta addu'ar Allah sa ya yi daidai ba, wani masanin lissafi Le Cam ya tabbatar a 1960 cewa kuskuren ba zai wuce yawan gwaji sau yiwuwar sau yiwuwar ba. A namu 100 sau 0.01 sau 0.01, wato 0.01, shikenan hankali kwance. Amma ɗalibi in ya ji daɗin fomula sai ya kai ta ko'ina. Iri goma, kowanne yiwuwar ya ƙi tsirowa 0.3, iyakar Le Cam ta koma 0.9, wadda ba ta faɗa maka komai ba sai dai ka tsaya. Kuma da gaske, Poisson zai ce yiwuwar duk su tsiro 0.050 ce alhali gaskiyar 0.028, ya kusa ninkawa. Kafin ka taɓa Poisson buga wannan ɗan lissafin tukuna, daƙiƙa goma ne.

Sai dai duk wanda ya taɓa kiwon kaji zai ce min Malam ai ba haka kaji ke mutuwa ba, kuma ya fi ni gaskiya. In annoba ta shiga akurki da sanyin hunturu ba ɗaya-ɗaya take ɗauka ba, kwasa take. Duk lissafin da na yi a sama ya ɗauka cewa mutuwar wannan ba ruwanta da ta wancan. Haka gonakin shinkafa a fadamar Haɗeja da Auyo, in kogi ya yi ambaliya ba zaɓar gona yake ba, duk na layin yake shanyewa a dare ɗaya, don haka wanda yake da gona biyar a fadama ɗaya yana ganin ya raba ƙafa, a lissafi kusan gona ɗaya gare shi. Gyaran a nan ba na kalkuleta bane, ka tambayi kanka abubuwa nawa ne da gaske suke zaman kansu. Akurki uku na tsaki ɗari-ɗari sun fi kusa da gwaji uku akan gwaji ɗari uku.

Mu zo kan nomal, lanƙwasar nan mai kama da tulin gero a masussuka, tsakiya tudu gefe da gefe ya zube. De Moivre ne ya fara kawo ta a 1733 yana zaune a Landan, Laplace ya faɗaɗa ta daga baya. Kuskure biyu ake yi da ita. Na farko ƙarami ne amma yana cin maki a jarrabawa. Ka jefa kwandala sau ɗari, me ce yiwuwar gabanta ya fito sau 60 ko fiye? Tsakiya 50, ma'aunin warwatsuwa, wato tsawon taki ɗaya daga tsakiya, 5 ne, yaro zai ce 60 taki biyu ne daga tsakiya ya duba teburin nomal ya ga 0.0228. Gaskiyar 0.0284 ce. Matsalar ita ce ƙirga jifa matakala ce, babu 59 da rabi, ita kuwa lanƙwasar gangara ce sumul, don haka sai ka ja baya da rabi ka fara daga 59.5, taki 1.9, tebur ya baka 0.0287. Rabin nan kaɗai ya share kusan duk kuskuren.

Na biyu kuwa shine maganar da aka haddace, wai in gwaji ya kai talatin nomal ta zauna. Ni dai bana son wannan maganar ko kaɗan don tana hana yaro tunani. Talatin na isa in abin bai karkata gefe ɗaya ba. Akwai ma'auni na gaske, Berry a Amurka a 1941 da Esseen a Suwidin a 1942 kowa ya gano shi da kansa, kuma an yi ta matse lambar da ke cikinsa har Shevtsova ta sauko da ita 0.4748 a 2011. Ga kwandala, kuskuren nomal ba zai wuce 0.4748 a raba da rut na yawan jifa ba, jifa ɗari 0.047 kenan. Amma ga tsakin nan masu ɗaya cikin ɗari, sai an ninka da wata lambar karkata da ta kusa goma, iyakar ta kai kusan 0.47 duk da gwajin ɗari ne cur. Gwaji ɗari nan da can, ɗaya nomal ta karɓe shi ɗaya ta ƙi. Abin dubawa mai sauƙi, yawan da kake sa ran zai faru da yawan da kake sa ran ba zai faru ba, kowanne ya kai kamar goma. In bai kai ba koma Poisson ko ka yi lissafin kai tsaye, waya ma tana iyawa.

Ka lura da wani abu a nan kuma. Iyakar 0.047 ta fi amsar kanta 0.028 girma. Wato a can bakin tulin, inda abubuwan da ba kasafai ba suke, kuskuren da yake ƙarami a ido zai iya fin abin da kake aunawa. Kuskuren tiya ɗaya a buhu ba komai bane, a kwano biyu kuwa ɓarna ce.

Wasu kuma sai su ɗauki iyaka a matsayin amsa. Ƙa'idar Chebyshev ɗan Rasha ta 1867 tace yiwuwar kauce wa tsakiya da taki biyu ba za ta wuce kashi 25 ba, taki uku ba za ta wuce 11 ba. Ba za ta wuce ba tace, ba ta ce ta kai ba. In abin nomal ne ainihin lambobin 4.6 ne da 0.27. Chebyshev katanga ce da aka gina nesa don ta kewaye kowa da kowa ko ba ka san siffar abin ba, amfaninta kenan, amma kar ka rubuta "daidai yake da" a inda ya kamata ka sa "bai wuce".

Saura ɗaya, sifili. An ba awaki talatin wani magani babu wadda ta sami matsala, sai a ce ai ba shi da illa ko kaɗan. In da gaske akuya ɗaya cikin goma yake yi wa illa, yiwuwar talatin su wuce lafiya lau kusan kashi 4 ce, ƙarama ce amma tana nan, in kuma ɗaya cikin hamsin ne ai fiye da rabin lokaci ba za ka ga komai ba. Ƙa'idar ita ce ka raba 3 da yawan gwajin, uku bisa talatin, illar za ta iya kai kashi 10. Sai ka gwada ɗari uku ba ka ga komai ba kafin ka ce ba ta wuce ɗaya cikin ɗari.

Bana tun kafin ruwan shuka na je gidan Baffa da yamma, muka zazzage buhun a tabarma muka cuɗanya shi sosai, jikokinsa suka ƙirga ƙwaya ɗari muka jera goma-goma a jiƙaƙƙen buhun algarara. Da muka buɗe 81 ne suka fito. Na rubuta masa a bayan kwalin ashana 73 zuwa 89. Ya juya kwalin ya daɗe yana kallo, sannan yace "toh ɗana, da ta ƙasan za mu yi aiki, a ƙara kwano biyu a kan na bara."