Kada fatar ragon layya ta lalace a hannunku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk shekara raina yana ɓaci idan na ga fatu jibge a bakin kwata washegarin Sallah, ƙudaje na binsu. Ko sadaka za ka bayar, ai gara ka bayar da mai amfani.

Gyaran fata daga wajen fiɗa yake farawa. A hura ragon sosai, a tsaga da wuƙa, sauran kuma a riƙa turawa da dunƙulen hannu. Duk inda wuƙa ta huda, darajar fatar ta faɗi a wurin majema. Ana gamawa a kankare kitse da ɓurɓushin naman da suka maƙale, domin daga nan ruɓewa take somawa.

Sai gishiri, kuma kada a wuce awa huɗu ba a sa ba, musamman in ana zafi. A shimfiɗa ta a inuwa, gefen naman yana sama, a barbaɗa gishiri da yawa, a goga shi har cikin wuya da ƙafafu da gindin wutsiya, wuraren da aka fi mantawa. A bar ruwan ya tsiyaye, a ƙara wani gishirin, sannan a ninke ta nama kan nama.

Don Allah kada a shanya ta a tsakar rana, kada a ƙulle ta cikin leda. Rana tana busar da sama ne alhali ciki na ruɓewa. In ka ja gashin da yatsa biyu ya biyo hannunka cikin sauƙi, to ta fara lalacewa, ko buzu ba za ta yi ba.